Keken da Malam Sallau Ya Ba 'Yan Gwangwan

Ku gyara zama, yau gardama na kawo muku.

Malam Sallau tsohon mahauci ne da ƙafafu suka daina ɗaukarsa. 'Ya'yansa uku suka saya masa keken guragun nan mai batir, da shi yake zuwa masallaci, ya ratsa kasuwa ya yi wa mahauta gyaran da ba su tambaye shi ba. Wata rana da azahar keken yana caji wuta ta dawo da ƙarfi, ya ƙone ƙurmus. Malam ba ya son abin tsautsayi ya kwana masa a gida, sai ya kira 'yan gwangwan ya ba su ƙarfen sadaka. Daga ranar ya koma kamar buhu, a ɗauka a ajiye. Ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Hansatu, babbar 'yarsa, ita ta ce, "Baba, keken nan fa yana da inshora." Ashe tun da aka saye shi take biya a ɓoye, don Malam ya taɓa cewa inshora jayayya ce da ƙaddara. Ya harare ta, amma fa bai ce a fasa ba. Ba don ita ba, da babu ƙofar da za a buga.

Kamfani ya ce sai ya ga ƙarfen da lambar da ke jikinsa. Ɗanjuma, na tsakiya, ya rufe shagonsa ya bi 'yan gwangwan unguwa-unguwa yana tonon tarkace, hannunsa duk yanka, har ya tarar da shi ana shirin loda shi a tirela zuwa kudu. Kafin ya dawo, masu cinikinsa sun koma wajen maƙwabci.

Sai kuma aka ce dole a ga mai keken ido da ido, ofishin kuwa a saman bene yake. Mati, auta, wanda dama shi ke kai uban bayan gida da masallaci, ya goya shi ya hau. A ce manaja ya fita, a dawo jibi. Ya sauko, jibi ya sake hawa. Haka aka yi ta yi har bayan Mati ya riƙe, yanzu a zaune yake salla.

Aka ba da sabon keke, da sharaɗin kada a ƙara yi masa caji a tsohon gidan, wayoyinsa sun ruɓe. Ke nan Malam zai tashi ya ƙarasa kwanansa a wajen ɗayansu. Kowa ya ce, "Baba, ka zo wurina." Da gaske suke, amma Malam uba ne, ya ji gajiya a muryar kowannensu, kuma ta yi masa ciwo.

Gidan Hansatu akwai sola, sai dai gidan suruki ne, mutumin da Malam bai taɓa cin abinci a gabansa ba. Ɗanjuma yana da ɗaki, amma da asuba yake fita neman tada shagon da ya durƙushe saboda keken. Mati ya san bukatar uban tun kafin ya furta, amma Malam ya ji nishin yaron a kan matakala, kunnensa a wuyansa.

Keken yana zaure cikin ledarsa, Malam yana ɗaki ba ya iya kai kansa ƙofa.

To, wa ya fi cancantar wannan albarka, wa kuma ya fi cancantar a bar shi ya huta?