Manomi da Kifayen Zinariya

Akwai wani manomi wanda yake da tafki a gefen gonarsa. Tun zamanin ubansa karfasa suke cikinsa, su ne kuwa naman miyar gidansa duk rani.

Wata rana ƙanwarsa ta kawo masa tsaraba daga birni: kifaye huɗu cikin kwalba, masu launin zinariya, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Ya yi ta kallonsu. Ya ce a ransa, "In suna da kyau haka a kwalba, yaya za su zama in sun sami sarari?" Sai ya juye su a tafki.

Bayan damina uku, kifayen sun hayayyafa, ruwan ya gurɓace, ciyawarsa ta ƙare. In ya jefa taru, sai baƙin kifayen nan su cika shi, sun yi ƙiba, karfasa kuwa biyu ko uku, ramammu. Abin ya ɗaure masa kai. Ya kira wani tsohon masunci, ya buɗe masa bakin ɗaya daga cikin kifayen zinariyar.

Ya ce, "Baba, duba, bakinsa ko cizo ba ya yi. Ta yaya wannan zai cinye mini tafki?"

Tsohon ya ce, "Zauna, ɗana, ka gani da idonka."

Suka zauna a bakin ruwa. Manomin ya ga kifayen suna tonon laka, suna tuge ciyawa, suna haɗiye ƙwan karfasa. Ya watsa dusa. Kafin karfasa ɗaya ta iso, sun share ta.

Tsohon ya ce, "Ba su yi faɗa da kowa ba. Sun dai riga kowa ci."

Da rani manomin ya janye ruwan duka, ya tsince kifayen zinariyar ɗaya ɗaya. Karfasa bakwai kaɗai ya tsirar a randa, don iri. Shekarar nan gidansa suka sha miya ba kifi.

Ma'anar wannan misali ita ce: tafkin nan zuciyarka ce, karfasa kuwa addu'a ce da Maganar Allah. Kifayen zinariya su ne ƙananan abubuwa masu daɗin gani da muke bari su shigo, muna cewa, "Ai ba zunubi ba ne." Wataƙila ba zunubi ba ne. Amma suna cin lokacinka, suna cin ƙarfinka, addu'a ta iso ta tarar ba saura.

'Yan'uwa, kowa ya zauna a bakin tafkinsa makon nan, ya duba da kyau: in gari ya waye, wa yake fara ci?