Bindigar Da Ta Fi Ƙarfin Hannun Loretta

Akwai wata mata mai suna Loretta Sizemore a cikin duwatsun gabashin jihar Kentucky ta Amurka. Shekararta goma sha bakwai tana tuƙa bas ɗin makaranta, har wasu daga yaran da ta fara ɗauka sun yi aure, yanzu 'ya'yansu take kaiwa. Babba da yaro Mis Loretta suke ce mata.

Mijinta ya rasu da ciwon huhu irin na masu haƙar kwal. Ya bar ta ita kaɗai a gidan ƙarshe na kwarinsu, daga ita sai wani tsohon kare da ba ya ɗaga kai sai ya ji ƙarar kwano.

Ana nan sai ga Wade Tackett. Wajen cin abincin coci suka haɗu. Ya ce daga jihar Ohio ya zo, aikin rufin gidaje yake yi. Mutumin nan akwai baki. Cikin wata biyar ya gyara mata matakalar ƙofar gida, ya cinye mata tukwanen wake da burodin masara ba adadi, kullum yana cewa bai taɓa cin irinsa ba. Loretta ta kamu, kuma ni ban ga laifinta ba, kaɗaici ba ƙaramin ciwo ba ne.

Wata safiya ta tarar an ɓalle kwaɗon ɗakin ajiyarta na bayan gida. Ko ƙusa ba a ɗauka ba. Wade ya zo ya duba, ya girgiza kai, ya ce wannan leƙen asiri ne, za su dawo. Daga ranar ya kafa mata waƙa ɗaya: mace ita kaɗai a ƙarshen kwari, kafin motar 'yan sanda ta iso an gama komai, dole ta mallaki ƙaramar bindiga. Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta taɓa harba ta ba. Bindigar farautar mijinta ma ƙaninsa ta ba tun ranar da aka binne shi.

Ranar Asabar da hantsi suka nufi shagon Elmer Combs mai sayar da bindigogi. Da suka tsaya a ƙofar shagon, Wade ya cusa mata kuɗi a jaka, ya ce kyauta ce. Ya ce da shi da kansa zai saya mata, sai dai lasisin tuƙinsa har yanzu na Ohio ne, kuma ba a miƙa wa ɗan wata jiha ƙaramar bindiga a nan. Wannan gaskiya ne, ita ma ta sani, don haka ba ta kawo komai a ranta ba.

Shi Elmer ya haura saba'in, kuma duk yankin an san shi da rashin fara'a. Ana cewa ya fi ƙwarewa a korar masu saye kan sayarwa. Ya dubi Loretta ta saman tabarau, ya tambaye ta me take so ta yi da bindiga. Wade ya amsa. Ya tambaye ta ko ta taɓa harbi. Wade ya amsa. Ya tambaye ta a ina za ta ajiye ta. Nan ma Wade ne ya amsa, sannan ya ɗora yatsa a kan teburin gilas ya nuna wata ƙatuwar baƙa, ya faɗi sunanta da lambarta kamar yana kiran ɗan'uwansa.

Elmer ya ciro ta, ya zare gidan harsashi, ya ja samanta baya, ya leƙa ciki, ya sake leƙawa. Wade ya miƙo hannu, tsohon ya wuce shi ya ɗora wa Loretta.

Ai kuwa abin ya zama abin kunya. Mariƙin ya cika mata tafi, yatsanta da ƙyar yake taɓa kunamar. Aka ce ta ja samanta baya yadda ake yi don harsashi ya hau, ta ja har fuskarta ta yi ja, ko motsi bai yi ba. Garin kokawa ta juya bakin bindigar saitin cikin Elmer. Tsohon ya sa yatsa ɗaya ya kawar da ita gefe, ya ce ko ya duba sau goma, bindiga kullum a ɗure take, ba a nuna ta ga abin da ba a shirya rasawa ba, kuma ta cire yatsa daga kunama.

Ya ɗauko wata 'yar madaidaiciya, ta zauna mata a hannu daram. Har ta fara murmushi Wade ya ce wannan ai kayan wasan yara ce, babbar dai za su ɗauka, za ta saba.

Elmer ya ɗauko fom ɗin da kowane mai saye yake cikewa kafin a bincika tarihinsa. Ya ajiye a gabanta, ya dubi Wade, ya dube ta. Sai ya janye takardar ya mayar cikin aljihun tebur.

"Yau ba na sayarwa," in ji shi.

Wade ya tashi kamar zai ci shagon. Ya ce masa tsohon banza, ya ce kuɗinsu ba na jabu ba ne. Ita ma Loretta ranta ya ɓaci ƙwarai. Akwai mutum biyu a shagon, ɗaya uban wata yarinya ce da take ɗauka a bas. Ta ce wa Elmer ba ta taɓa ganin mai girman kai irinsa ba, don ya ga mace ce shi ya sa yake raina ta, kuma ya jiƙa bindigoginsa ya sha.

"Ki dawo ke kaɗai, Mis Loretta," ya ce, ko a jikinsa. "Zan dafa kofi."

A mota tana ta huci. Ta riga ta yanke cewa tsohon so yake ya tilasta mata biyan kuɗin koyon harbi a wurinsa, ko kuma baƙo ne ba ya so. Wade ya ba ta gaskiya ɗari bisa ɗari. Ya ce akwai wani shago a gundumar gaba, Asabar mai zuwa sai su je. Amma wannan karon shi zai zauna a mota. Ya yage gefen wata takarda ya rubuta mata sunan babbar bindigar. Ya ce in an tambaye ta, ta ce ta saba harba irinta da marigayi mijinta, kuma kada ta ambaci sunansa ko kaɗan.

A nan ne ta fara shakka. Kyauta ce aka ce, to me ya kawo koya mata ƙarya? Da walakin, goro a miya.

Ta ce masa, cikin wasa, wata biyar ai ya isa mutum ya canza lasisi, aikin safiya ɗaya ne, sai ya saya da sunansa kowa ya huta. Wade bai yi dariya ba. Ya kama wuyan hannunta ya matse, motar na tafiya.

"Zumata, na ce ke za ki saya. Kar ki sa in maimaita."

Sai ya sake ta, ya yi dariya, ya ce wasa yake. Washegari a coci doguwar riga mai dogon hannu ta sa, saboda shatin yatsunsa ya fito mata a hannu.

Duk ranar Lahadi tana juya abin. Ta tuna bai taɓa kai ta wajen danginsa ba. Ta tuna in wayarsa ta yi ƙara waje yake fita. Har kwaɗon nan ta tuna, da ɓarawon da ya sha wahalar ɓalle shi ya tafi bai ɗauki injin yankan ciyawa ba. Sai kuma ta ce wa kanta ta ji tsoron Allah, mutumin da ya gyara mata matakala kyauta take zargi.

Ranar Litinin, bayan ta sauke yara, ta ajiye bas ta taka zuwa shagon. Niyyarta ta ƙarasa masa faɗan da ta fara. Elmer ya tura mata kofi, ya bar ta ta gama.

Sannan ya ce shekararsa arba'in a bayan teburin nan. Ya ga kuɗin da aka cusa mata a jaka ta taga. Ya ce wanda zai saya miki takalmi ba ya auna ƙafarsa. Ya ciro fom ɗin ya nuna mata tambayar da ke cewa ko ita ce ainihin mai sayen. Ya ce in ta amsa e alhali wani take saya wa, laifi ne da kan kai mutum gidan yari na shekaru, bas kuwa ta yi sallama da shi har abada. Lambar da ke jikin bindigar da sunanta za a haɗa ta. Duk inda aka tsince ta, ƙofarta za a fara ƙwanƙwasawa.

Loretta ta kawo maganar lasisin Ohio. Elmer ya ce mutumin da ya san bindiga kamar Wade ya san ana iya biya a nan a aika ta wani shago a jiharsa, ya cike fom a can ya karɓa.

"Ba lasisi yake gudu ba, binciken yake gudu. Ban san shi ba, wataƙila na zalunce shi, in haka ne zan ba shi haƙuri a gaban coci. Amma na taɓa ganin wani ya kawo mace haka, na ji kunyar matar, na sayar. Ni na ɗauki gefe ɗaya na akwatin gawarta."

Ya ce in da gaske tana son bindiga don kanta, ta zo Asabar uku ta koyi harbi tukuna, ta ɗauki wadda hannunta zai iya, ta haɗa da akwatin ƙarfe mai makulli, kuma makullin ya zama nata ita kaɗai. Ya ƙara da cewa shari'ar kotu ba sirri ba ce, kowa na iya dubawa a waya.

Ta koma cikin bas, ta zauna a kujerar direba, ta rubuta sunan Wade a wayarta da sunan garin da ya ce ya fito. Wallahi tana addu'a kada ta ga komai, ta gwammace ta zama mai mugun zato.

Ta gani. Sau biyu kotu ta same shi da laifin dukan matarsa, na biyun har ya yi zaman gidan yari. Doka ta haramta masa riƙe bindiga. Akwai kuma umarnin alƙali, wanda bai ƙare ba, cewa kada ya kusanci matar ko ya aika mata saƙo. Sunanta Denise.

Ta kira wani mataimakin shugaban 'yan sandan gunduma, wanda ita ta riƙa kai shi makaranta yana ƙarami. Ta ba shi takardar da Wade ya rubuta da hannunsa, da kuɗin, ta nuna masa wuyan hannunta. Ya ce ta kwana gidan ƙanwarta, ta sa a canza makullan gida. Ranar Laraba aka ɗauke Wade daga kan rufin wani gida. Ashe can Ohio ma nemansa ake yi, don ya karya umarnin alƙali.

Loretta ta yi kuka, ba na ɓoye muku. Ta yi kukan wautarta, ta kuma yi kukan mutumin da ta ɗauka ta samu.

Bayan mako ɗaya, tana share bas da rana, wayarta ta yi ƙara da baƙuwar lamba. Muryar mace ce, a sanyaye. Ta ce ita ce Denise, ta roƙi 'yan sanda su haɗa su. Ta ce sau uku tana canza gida da 'ya'yanta mata biyu. Ranar Asabar ɗin can da safe Wade ya turo mata hoton ƙofar sabon gidanta, ya rubuta cewa yana nan tafe, kuma wannan karon ba hannu sake zai zo ba.

Loretta ta tambaye ta da ƙarfe nawa. Denise ta ce goma saura. Lokacin Loretta da Wade suna hanyar shagon ke nan, ta tsaya shan mai, shi yana zaune a mota yana danna waya.

Tsintsiyar ta faɗi daga hannunta. Ta zauna a matakalar bas.

"An ce mini ke kika ƙi saya masa," in ji Denise. "Na kira ne in yi miki godiya. Ni da yarana."

"Ba ni ba ce, 'yar'uwa," Loretta ta ce. "Ni har na ɗauko biro. Wani tsoho ne ya ƙi sayar mini, ni kuma na zage shi a gaban mutane."

Darasi: Kada so ko kunya su sa ka sa hannu a kan makamin da wani zai riƙe. Wanda ya ce ka saya masa da sunanka, akwai abin da yake ɓoyewa, kuma kai za ka ɗauki alhakin. In doka ta ba ka damar mallakar bindiga, ka fara koyo kafin ka saya, ka ɗauki daidai hannunka, ka kulle ta. Sannan ba duk mai hana ka ne maƙiyinka ba, wani ya ga ramin da ba ka gani ba ne. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman mata masu zaman kansu, wataƙila wata tana shirin sa hannu a wannan makon.