Warin Fetur a Motar Mama Loretta

Akwai wani bakanike mai suna Wendell Tackett a wani ƙaramin gari cikin duwatsun Kentucky. Ya iya aikinsa, wannan babu musu. Aibinsa ɗaya ne: in ya ɗaure noti, ba ya son kowa ya tambaye shi ko ya ɗauru.

Mahaifiyarsa, Loretta, ta haura saba'in. Tun rasuwar mijinta take zaune ita kaɗai, kuma tsohuwar motar da ya bari ita ce ƙafarta. Da ita take zuwa coci da kanti, da ita take ɗauko jikoki daga makaranta.

Da motar ta fara mutuwa a hanya, Wendell ya ja ta garejinsa. Ya sauke tankin, ya canza famfon mai da ke cikinsa, ya mayar mata da abarta tana tashi tangaram.

Ba a daɗe ba ta kira shi.

"Wendell, motar nan warin fetur take yi."

"Mama, tsohuwar mota ce fa. Ta girmi matata."

"Na san warin tsufa, ni ma ina da nawa. Wannan fetur ne."

Bai leƙa ba sai ƙarshen mako, bayan ta sha yawo da motar man ya ragu. Ya ɗaga bonet, ya shafa tiyon mai, ya duba murfin tanki, ya leƙa ƙasa. Ko'ina a bushe. Ya shinshina, amma hancin da ya shekara da shekaru cikin fetur me zai ji?

"Babu komai, Mama. Aikina ne fa."

Bayan ta sake shan mai, ta sake kira. Ta ce warin har ciwon kai yake sa ta, sai ta sauke gilashi duk da sanyi. Wannan karon bai je ba. Yayarsa Darlene ya kira.

"Ina ga Mama ta fara rikicewa," ya ce. "Wari take ji inda babu wari."

Darlene ta tsorata, don ta taɓa jin cewa haka rikicin tsufa yake fara wa wasu. Daga ranar komai Loretta ta yi sai a kalli juna. Ta manta inda ta ajiye tabarau, a kalli juna. Ta kira jika da sunan ɗan'uwansa, a kalli juna.

Wata Lahadi suna cin wake da burodin masara a gidanta, Wendell ya ɗaga cokali ya kai hanci.

"Mama, waken nan fa? Shi ma fetur ɗin ne?"

Jikoki suka tuntsire da dariya. Loretta ta yi murmushi, ta tashi ta shiga kicin, ta daɗe ba ta fito ba.

Wendell ne ya raka ta wurin likita, shi ya ba da labarin da bakinsa, har da cewa shi bakanike ne kuma ya duba motar ciki da waje. Darlene ta karɓe makullin, wai na ɗan lokaci. Aka fara zancen gidan kula da tsofaffi da ke garin gaba. Loretta ta daina musu.

Ranar da Wendell ya zo ɗauke motar don ya nema mata mai saye, ya ga mai ya yi ƙasa, sai ya biya gidan mai ya cika tanki maƙil. Yana rataye bututun ya ji ihu daga ɗaya famfon.

"Kai, Wendell! Motarka fitsari take yi!"

Buford Combs ne, tsohon abokin babansa. Wendell ya durƙusa ya leƙa. Fetur na gangarowa daga saman tankin, yana ɗiga ɗis-ɗis kusa da salansa mai zafi. Warin ya bugi hancinsa har idonsa ya kawo ruwa.

"Wane bakaniken banza ne ya yi maka wannan aika-aika?" in ji Buford. "Faɗa mini sunansa in guje shi."

Wendell bai ɗago kai ba. Sai da Buford ya dubi motar da kyau, ya ce, "Tsaya. Wannan ba ta Loretta ba ce?" Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya sa kafaɗa suka tura motar nesa da famfo.

A gareji Wendell ya sauke tankin. Ga zoben robar da ke toshe bakin famfon da ya canza, ya karkace, gefe guda ya matse ya tsage. Babu wanda ya taɓa wurin sai shi. In mai ya ragu ba ya kaiwa wurin tsagar, in an cika tanki sai ya malalo. Ita kuwa Loretta kullum cikawa take yi.

Ya zauna a kan wata taya da robar a hannu. Ya tuna 'ya'yansa a kujerar baya, saman wannan tankin. Ya tuna cokalin wake.

Da ya isa gidanta, ya tarar da kwalaye a falo. Tana naɗe kofunanta da tsohuwar jarida. Ya ajiye robar a kan tebur.

"Mama, motar tana yoyo. Ni na ɗaura wannan ba daidai ba. Duk abin da kika ce kin ji, kin ji shi."

Ta ɗauki robar ta juya ta.

"Wato ƙalau nake?"

"Ƙalau kike, Mama."

Ta zauna a hankali. "Ka san ba fetur ɗin ne ya fi ba ni tsoro ba? Na fara yarda da ku. In na ji ƙamshin kofi da safe, sai in tsaya ina tambayar kaina ko da gaske na dafa."

Wendell ya rasa inda zai sa idonsa. Ya dubi kujerar da kyanwarta ta saba kwanciya, ya ga wayam.

"Ina Pepper?"

"Na ba wata mata a coci. An ce gidan tsofaffin ba a zuwa da dabba."

Nan ya fashe da kuka, ƙato da shi, hannu duk baƙin mai. Ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta tura masa wayarta.

"Kira Darlene, ka buɗe murya in ji. Daga ita sai likita. Ran Lahadi kuma ka faɗa a gaban yaran, a teburin nan. Da ƙarfi ka faɗi wancan, da ƙarfi za ka faɗi wannan."

Ya ɗauki wayar ya fara danna lambar.

Darasi: In wanda ya yarda da kai ya ce akwai matsala, fara zargin aikin hannunka kafin ka zargi hankalinsa, balle iyayen da suka tsufa. Warin fetur a mota kuma ba abin wasa ba ne, a ajiye ta a duba. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wata uwa da ke jiran a yarda da maganarta.