Yashi A Cikin Gwangwani

Akwai wata mace, mijinta ya rasu, 'yarta kuma tana da tsohon ciki, za ta zo gida wankan jego. Tukunyar da ake dafa ruwa ta daɗe da tsagewa. Ita kuwa ta ƙudura a ranta surukan 'yarta ba za su zo barka su tarar da ita da tukunyar aro ba.

Sai ta shiga tsintar gwangwanin lemo, a wurin biki, a tasha, har cikin kwata. Ta tattake su da ƙafa, ta cika buhu, ta kai wa maƙerin da ke narka su ya zuba tukwanen dalma.

Maƙerin ya ɗora a sikeli, ya ce, “Mama, wannan ƙaramar tukunya zai yi. In babba kike so, ki ƙaro.”

Ta koma gida ranta a ɓace, ga haihuwa ta matso. Maƙwabciyarta, wadda ta saba sayar wa 'yan gwangwan kaya, ta ce, “Haba Yaya, ke ma dai! Ki ɗura musu yashi kafin ki tattake. Duk haka muke yi, sikeli ai ba ido gare shi ba.”

Haka kuwa ta yi. Ta ƙaro gwangwani kaɗan, ta ɗura yashi, ta murƙushe bakinsu. Ta mayar wa maƙerin, nauyi ya cika.

To, ita tukunyar dalma a kife ake zuba ta, cikin ƙasar da aka fitar da siffarta. Baki yana ƙasa, gindi yana sama, shi ne na ƙarshen cika. Maƙerin ya hura wuta, gwangwanaye suka narke, fenti ya ƙone. Ya yi ta kwashe datti da ludayin ƙarfe, dattin ya ƙi ƙarewa. Ya ɗago ya dube ta, ta kau da kai. Ya zuba, dalma ta ƙare gindi bai cika ba.

Da ta huce ya fasa ƙasar. Ga baki sumul, ga kunnuwa biyu, gindi kuwa babu. Ya ɗaga ta, ya leƙo matar ta ciki.

Ya ce, “Mama, ni fa ba saye nake yi ba. Tukunyarki ce. Wa kika cuta?”

Ta rufe fuska da gefen zane. Can ta ce, “Ɗana, yanzu yaya za a yi?”

“Ta koma wuta. Ƙarama za ta fito, amma za ta riƙe ruwa.”

Da ƙaramar ta yi jegon nan, tana ɗorawa tana saukewa har ruwa ya isa. Surukai suka zo, suka ci tuwo, suka sa wa jariri albarka. Ba wanda ya tambayi tukunya.

Jikokina, ga abin da misalin nan yake nufi. Gwangwanin nan mu ne, Ubangiji ya tsinto mu daga inda aka yar da mu, bai ƙyamace mu ba. Yashin shi ne ƙaryar da muke cusawa don mu yi nauyi a idon mutane: addu'a mai tsawo a gaban jama'a, a gida kuwa ko amin babu. Wutar ita ce ranar wahala, ita ke fito da abin da ke ciki.

Kada ku ji kunyar ƙaramar bangaskiyarku. Ku kawo ta yadda take, Allah ya san abin da zai ƙera da ita. Ke da ke can baya kina dariyar gindin tukunya, da ke nake.