Shamuwa da Warwarar Juyin Birnin Gwanki

Masu ba da labari sun ce Sarki Barmo ya shekara bakwai a wani ƙauye na bakin gulbi, tun ranar da Galadimansa Tunau ya yi masa juyin mulki ya haye gadon sarautar Birnin Gwanki. Ba rashin sarauta ne ya fi cinsa ba, kewar gida ce. Yakan zauna da hantsi ya tuna rimin ƙofar fada, da ƙarar masaƙa ta unguwar yamma, da amininsa Mantau Sarkin Ƙofa, wanda suka yi wasan ƙasa tare, shi ne kuma ya buɗe wa Tunau ƙofa.

Ran nan Jatau, shugaban dakarunsa, mutumin da bakinsa ke riga tunaninsa fita, ya zo ya faɗi gaisuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, gari ya gaji da Tunau. Mayaƙa sun yarda a yi warwarar juyi kafin damina ta kankama. Ka ce to kawai. Kan Mantau za mu fara sarewa."

Sarki ya ce ya ba shi zuwa la'asar. Yana nan zaune sai ga tsohuwar shamuwar da ke sheƙa a rimin fada ta sauka, don ba ta taɓa wucewa ba ta gaishe shi ba. Ya ce, "Ke da kika ga jiya kika ga yau, wannan warwara da Jatau ke ta faɗa, mene ne ainihinta?"

Shamuwa ta ce, "Allah ya ja zamaninka, a bakin masaƙa na fara jin kalmar. In ka ba ni izini, in ba ka labarin Audi."

Sarki ya ce, "Faɗi, ina ji."

Ta ce, "Audi masaƙi ne a unguwar yamma, zamanin kakanka. Ya ɗora farin zane a masaƙar da ya gada wurin ubansa, tafiya ta kama shi. Kafin ya dawo ƙanensa Nomau ya haye masaƙar, ya ci gaba da saƙar da jar abawa, wato jan zaren kwance. Audi na gani ya zaro wuƙa zai datse jan. Tsohuwarsu Iya Tabawa ta riƙe masa hannu ta ce, 'Kai Audi, tsaya ka ji abin da ya sami Bagudu da maƙwabcinsa.' Ya ce, 'Me ya same su, Iya?'

"Ta ce, 'Gonakinsu na haɗe, gamba ce iyaka, kakanni suka dasa. Wata shekara maƙwabcin ya tumɓuke gambar ya matsar da ita taku uku cikin gonar Bagudu. Bagudu ya tashi mai da ita, da ya zo daidai inda take tun asali sai zuciya ta ce masa ramuwar gayya ta fi gayya zafi, ya ƙara taku uku. Baɗi maƙwabci ya ƙara shida. Haka gamba ta yi ta yawo kamar akuyar da ba ta da turke, har suka tsufa. Da 'ya'yansu suka nemi sulhu, aka rasa mutum ɗaya a garin da ya tuna inda iyakar gaskiya take. Ka ji, ɗana, mai mai da iyaka in ya wuce ta da taku ɗaya, shi ma ɓarawon gona ne.'

"Audi ya dubi wuƙarsa, ya ga ba yadda za ta yanke jar abawa ba ta yanke zaren tsaye ba, wanda shi kansa ya ja. Ya ajiye ta. Ya kira Nomau, suka zauna kwana uku suna zare jan sili-sili har suka iso inda farin ya tsaya. Wannan shi masaƙa ke kira warwara, ranka ya daɗe. Abin da aka yi da wuƙa kuwa sunansa yanka, ko wane ne ya riƙe wuƙar."

Sarki ya yi wa shamuwa godiya, ta tashi. Da la'asar Jatau ya dawo da fara'arsa.

Sarki ya ce, "Ba za a taɓa kan kowa ba. Ka aika wa Mantau, ka ce hannun da ya buɗe wa Tunau ƙofa shi nake so ya buɗe mini. Masu zaɓen sarki kuma su zauna kamar da, su faɗi nasu."

Jatau ya ce, "Haba ranka ya daɗe! In ya ƙi fa? Mayaƙa ba za su jira ba, ruwa na sauka kowa zai koma gona."

Ƙwalla ta cika idon Barmo, don ya san ba shi da shekarun zubarwa. Ya ce, "To, su je su yi shuka. Na gwammace a binne ni a bakin gulbin nan da in taka jinin Mantau in shiga gidan ubana."