Gubar da Ta Ɓuya a Tsagar Dutse

An yi wani magidanci da ya haƙa rijiya a bayan gidansa. Ya sha wuya kafin ya fasa dutse ya kai ga ruwa. Kusa da gidan kuwa an taɓa yin wata masana'anta, inda ake wanke ƙarafan injuna da wani sinadari mai ƙarfi, ana zubar da ragowar a ƙasa. Masana'antar ta tashi, amma sinadarin ya riga ya nutse, ya bi tsagogin dutse ya kwanta.

Ruwan garau yake a ido. Sai matarsa ta soma ciwo, likita ya ce daga ruwan sha ne. Mutumin ya kwashe ruwan kaf, ya yashe rijiyar, ya kankare bangonta. Da ruwa ya sake taruwa aka gwada, gubar tana nan. Ya yi ta maimaitawa har hannuwansa suka yi kanta.

Ana nan sai wata ma'aikaciyar ruwa ta zo ta duba. Ta ce, "Baba, guganka ba ya kai inda gubar take. Tana cikin tsagar da ko allura ba ta shiga. Amma a can ƙasa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, masu narkar da ita. Abinci suka rasa. Mu huda rami a gefe, mu riƙa zuba musu ruwan mazarƙwaila."

Ya ce, "'Yata, ina fama in fitar, ke kuma kina cewa a zuba?"

Duk da haka ya yarda. Ba a jima ba ruwan ya dagule, ya soma wari. Maƙwabta suka ce ya cike rijiyar ya huta. Abin ya dame shi ƙwarai, amma bai cike ba. Ya riƙa ɗebo wa iyalinsa ruwa daga nesa, yana ciyar da abin da bai taɓa gani ba. Damina ta wuce, rani ya wuce, wata daminar ma ta wuce. Da aka gwada, babu guba. Matarsa, wadda ta riga ta warke, ita ta fara sha.

Ga abin da misalin nan yake koya mana. Rijiyar ita ce zuciyar mutum. Gubar kuwa zunubi ne da tsohuwar ƙiyayya, waɗanda sukan shige inda ƙoƙarinmu ba ya kaiwa. Ruhu Mai Tsarki ne yake aiki a can, a ɓoye. Namu shi ne mu nace da Maganar Allah da addu'a. Ɗan'uwa, idan ka fara addu'a ka ga zuciyarka ta ƙara dagulewa, kada ka cike rijiyar. Aiki ake yi a ƙasa.