Ƙanƙarar Tanimu

An yi wani mutum a wani gari, wani bawan Allah da ake kira Tanimu. Ba likita ba ne, ko allura bai iya yi ba. Aikinsa ɗaya: ya ɗauki jinin masu ciwon daji daga asibiti, a cikin kula mai ƙanƙara, ya kai wa masu bincike a jami'a. Su ne suka yi shekara da shekaru suna haɗa wani sabon magani, kuma da jinin nan suke gane wanda jikinsa zai iya ɗauka.

To, ku saurara. Ran nan aka ba shi jinin wata baiwar Allah, Kande. Sai da aka soke ta sau huɗu kafin a samu jijiya. Yana kan hanya tayar babur ɗinsa ta yi faci, da rana tsaka. Awa biyu yana turawa. Da ya buɗe kula, ƙanƙara ta narke, ruwan ma ya yi ɗumi.

A ƙofar jami'a kuwa ga mai sayar da ƙanƙara. Shaiɗan dai ba ya rasa shago kusa! Zuciya ta ce masa, "Zuba sabuwa mana, wa zai sani?" Ya tsaya. Ya sa hannu a aljihu. Jama'a, har ya sa hannu a aljihu! Sai ya tuna hannun Kande, duk ya kumbura.

Haka ya shiga gaban Farfesa, shugaban masu binciken.

"Ranka ya daɗe, jinin ya sha zafi."

"Ka san yau ake rufe sunayen masu karɓar magani? Ka san abin da ka jawo mata?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Ni ne ban duba taya ba. Ko korata za a yi, gara ku sani."

Farfesa ya buga wa likitan Kande waya. Aka sake ɗiba, aka kawo saura ƙiris a rufe. Aka auna duka biyun. Lalataccen ya nuna lafiya lau. Sabon ya nuna hantarta ba za ta jure cikakken maganin ba. Aka rage mata, ta sha, ta tashi.

Jama'a, gaskiya dokin ƙarfe ce. Aikin masana na shekaru da ran mace guda, duk sun rataya a kan amanar mai babur. Kowannenmu akwai kular da aka ba shi. Kai tela, kai direba, ke mai abinci, ranar da ƙanƙararku ta narke, ku ji tsoron Allah, kada ku zuba sabuwa.